Saniyar Amana da Ruwan Tumfafiya

Wata rana, da sanyin safiyar Litinin a tsakiyar damina, wata mata ta tsuguna a gefen saniyarta za ta yi tatsa, sai saniyar ta kai mata harbi.

Ba ta taɓa yi mata haka ba.

Matar sunanta Uwani. A wani ƙauye take a gefen Ningi, ita da 'ya'yanta ƙanana uku. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata guda bai kwana gida ba.

Saniyar kuwa, in za a faɗi gaskiya, ba tata ba ce.

Amana ce.

Wata ƙungiya mai tallafa wa mata ce ta kawo ta ƙauyen. Saniyar madara ce mai jinin waje, baƙa da fari, ga wani farin tabo a goshi, shi ya sa ake ce mata Goshi. Mata goma sha biyu suka ba da suna, saniya kuwa ɗaya. Aka yi ƙuri'a, ta faɗa kan Uwani.

Sharaɗin shi ne ta kula da ita, ta sha madara, ta sayar. Idan maraƙar da ta haifa ta isa yaye, a miƙa ta ga ta gaba a layi, wata mata mai suna Tabawa. Haka za a yi ta yi har kowace ta samu.

Akwai kuma sharaɗi na biyu, wanda ya zauna wa Uwani a ƙirji kamar dutse: duk wadda aka samu da sakaci, a kwance saniyar daga turkenta a kai gidan wata.

Ranar ƙuri'ar, da kunnenta ta ji wata tana cewa, "Wadda ko akuya ba ta taɓa riƙewa ta shekara ba? Mu dai namu ido."

Wata bakwai ke nan maganar ba ta bar kunnenta ba.

To, ran Litinin ɗin nan, Uwani ta ɗaure ƙafar Goshi, ta kai hannu a hankali ƙarƙashin hantsar.



Ɓangaren baya na dama ya kumbura, ya yi tauri kamar ɗanyar kabewa, ga zafi kamar yanzu aka sauke shi daga murhu.

Ta ja kan nonon sau biyu. Abin da ya fito ba madara ba ce. Gudaji-gudaji ne, rawaya-rawaya, kamar kindirmon da ya tsinke.

Tana da lambar likitar dabbobin ƙungiyar, Dakta Rahila. An ba kowace a kati ranar horo, an kuma ce a kira ko da yaushe.

Ta ɗauko wayar. Ta nemo lambar. Ta daɗe tana kallonta.

Sai ta tuna ran Juma'a ne 'yan ƙungiyar za su zo duba saniyar.

Ta mayar da wayar cikin zani.

"Kafin Juma'a ya baje," ta ce a ranta. "Ba sai kowa ya ji ba."

Ta haƙa ɗan rami a bayan ɗaki ta zuba ɓatacciyar madarar, ta tura ƙasa da ƙafa. Shi kuma nonon mai ciwo ta ƙyale shi, ba ta sake taɓawa ba, don tausayi. Tana ganin in ya huta zai warke.

Mai shayin da ke karɓar madararta ya ce, "Yau kuma kaɗan?"

Ta ce, "Sanyin damina ne."

Ran Talata kumburin ya ninka.

Goshi ta koma tsayuwa a bubbuɗe, tana gudun cinyarta ta taɓa hantsar. Maraƙar ta matso za ta sha, uwar ta ture ta da ƙafa.

Uwani ta zauna a bakin ƙofa ta shiga lalube a waya. Can cikin wani zauren mata na WhatsApp ta ci karo da saƙon murya, irin waɗanda aka tura aka sake turawa har ba wanda ya san mai shi.

Muryar namiji ce, mai kauri, mai natsuwa, har da rantsuwa.

Ya ce duk dabbar da hantsarta ta kumbura, a samo tumfafiya, a karya reshenta, a tari farin ruwan nan mai kama da nono, a shafe wurin. Wai nono ke maganin nono. Ya ce an jarraba an gani. Ya ce in dabbar ta yi zillo kada a damu, maganin ne ke aiki.

Tumfafiya kuwa ga ta nan bayan gida, ba sai an saya ba, ba sai an tambayi kowa ba.

Wannan na ƙarshen shi ya fi yi wa Uwani daɗi.

Ta tara ruwan a gwangwanin tumatir. Ta shafa.

Goshi ta yi wani irin nishi, fatar jikinta ta hau rawa, ta fizgi igiya har turken ya motsa.

"Maganin ne ke aiki," Uwani ta ce, tana maimaita maganar mutumin da ba ta taɓa gani ba.

Da la'asar ta ƙara shafawa.

Jama'a, garin neman gira...

Ran Laraba, gari na wayewa ta fito da ƙwaryar dusa, sai ta tarar ta jiya tana nan yadda ta ajiye ta.

Goshi ba ta ci ba. Ba ta tuƙa. Kanta a sunkuye, kunnuwa a zube.

Uwani ta leƙa ƙasa, ta dafe baki.

Fatar hantsar ta tashi bororo, wasu wuraren sun saɓule. Daga kan nonon wani ruwa-ruwa ke ɗiga, mai sirkin jini.

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta.

Mutum ɗaya ne ya faɗo mata a rai. Shi ne kuma mutumin da ta fi jin kunyar tunkara a duk faɗin ƙauyen.

Goggo Daso.

Tsohuwar Bafulatana ce, rugarsu na ƙetaren wani ɗan rafi. Tun kafin a haifi Uwani take tatsar shanu. Ranar da aka sauke Goshi daga mota, tsohuwar ta zo kallo kamar kowa. Ta matso tana murmushi, ta miƙa hannu za ta shafa bayan saniyar, sai Uwani ta tare ta a gaban jama'a.

"Goggo, kada ki taɓa. An ce mana hannun baƙo na kawo cuta. Wannan ba irin naku na daji ba ce."

Tsohuwar ta janye hannunta. Ba ta kuma sake bi ta ƙofar gidan ba.

Yanzu ga Uwani tana ƙetare rafin, ruwa har gwiwa, ko takalmi babu.

Ta same ta zaune tana kaɗa nono a gora. Ta durƙusa.

"Goggo, ina kwana."

"Lafiya lau. Yau mutanen gari ne a daji?"

"Goggo, Goshi ce. Don Allah ki zo ki taɓa ta."

Tsohuwar ta ci gaba da kaɗa gorar, sau uku, sau huɗu. Uwani ta ji kamar shekara.

Sai tsohuwar ta ajiye, ta jawo sandarta.

"Ita ba ta yi mini komai ba," ta ce. "Mu je."

Da suka iso, Goggo Daso ba ta fara da hantsar ba. Kunnen saniyar ta kama, ta riƙe. Ta ɗaga fatar idon ta duba. Ta kara kunnenta a cikin saniyar ta yi shiru tana saurare.

Sannan ta tsuguna, ta shinshina yatsunta bayan ta taɓa wurin.

"Tumfafiya," ta ce. Ba tambaya ba ce.

Uwani ta sunkuyar da kai.

"Yaushe ya fara?"

"Jiya ne..."

"Uwani. Yaushe ya fara?"

"Litinin."

"Kin ci gaba da tatse shi?"

"A'a. Na ga yana mata zafi."

Tsohuwar ta girgiza kai. Ta nuna ƙasan rumfar Goshi da sandarta. Rufin yana yoyo tun farkon damina, wurin ya zama caɓi, laka da kashi da fitsari.

"Nan take kwanciya?"

"Nan ne."

"To ga hannun baƙon da ya kawo miki cuta nan."

Uwani ta share ido da gefen mayafi, ta ce:

"Goggo, wane ganye zan samo? Ko a ina yake zan je."

"Yana cikin zaninki."

"Zanina?"

"Wayarki. Kira likita."

"Goggo, in na kira ta, karɓe ta za su yi."

"To zaɓi ɗaya. A karɓe ta tana tafiya da ƙafarta, ko mahauci ya fitar da ita a amalanke."



Tsohuwar ta sassauta murya. "'Yar nan, da ran Litinin kika zo, da ni da ke da ganye mun gwada. Amma kunnenta ya yi sanyi, cikinta ya yi shiru. Ciwon ya bar hantsa ya shiga jiki. Nan ganyena ya tsaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Uwani ta kira.

Ta faɗi komai a dunƙule, har tumfafiyar.

Dakta Rahila ta ce tana wani ƙauye can ƙetaren kogi suna rigakafi. Kogin ya cika, babur ba zai haye ba, sai ta zagaya ta babbar gada. Awa uku, in hanya ta yi kyau.

"Wa ke tare da ke?"

"Goggo Daso."

"Alhamdu lillahi. Ba ni ita."

Uwani ta miƙa wayar. Ta ji likitar tana cewa, "Goggo, ki yi abin da kika sani. A wanke wannan abin, a yi ta tatsewa, a ba ta ruwa iya yadda za ta sha. Ki riƙe mini ita kafin in iso."

"Mai riƙewa Allah," in ji tsohuwar. "Ke dai ki taho."

Aka hau aiki.

Goggo Daso ta sa Uwani ta tsinko ganyen darbejiya cikin kwando, aka tafasa, aka bar shi ya huce har gwiwar hannu ta iya jurewa. Ta sa ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, ita ma ta wanke nata.

Da tsumma mai tsabta ta riƙa gasa hantsar, a hankali, tana yi wa saniyar magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Inda fata ta saɓule ta shafa man kaɗanya.

Sannan ta kama nonon mai ciwo.

Goshi ta zabura. Tsohuwar ta jingina goshinta da cikin saniyar, ba ta saki ba. Ta ja, ta ja, har wani abu mai kauri da wari ya fito cikin gwangwani.

"Ki kai nesa ki binne. Kada maraƙa ta lasa, kada kaza ta tona. In kin dawo ki sake wanke hannu kafin ki taɓa sauran ukun."

Bayan ɗan lokaci aka sake. Aka kuma sakewa.

Tsakanin tatsa da tatsa Uwani na kwashe caɓin da shebur, tana zuba busasshen yashi da ƙaiƙayi. Bayanta kamar zai tsinke, ba ta ko ji.

Awa ɗaya ta wuce.

Awa biyu.

Ƙauye ba ya ɓoye magana. An ga Uwani ta ƙetare rafi ba takalmi, an ga Goggo Daso ta shiga gidan da ta yi wata bakwai ba ta taka ba. Kafin azahar tsakar gidan ya cika da mata. Tabawa na cikinsu, ta harɗe hannu a ƙirji.

Sai ga sallamar namiji daga zaure.

Tanko mahauci ne, da wuƙarsa naɗe a tsumma.

"Uwar gida, sannu da jarrabawa. Na ji labari ne na ce bari in matso kusa. Ba fata nake ba."

Kamar saniyar jira take ya rufe baki.

Ƙafafun Goshi na gaba suka lanƙwashe. Ta durƙusa, ta yi yunƙurin tashi, ta kasa. Ta zube gefe guda, wuyanta a miƙe a ƙasa.

Matan suka ɗauki salati.

Uwani ta danna kiran likita. Ba ya shiga. Ta sake. Ba ya shiga. Can gabas hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

"Uwar gida," Tanko ya ce daga bakin zauren, "na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. In ta miƙe wuya haka, saura ƙiris. Ki bari in sa mata wuƙa tun tana halal. In ta zama mushe, an yi biyu babu."

Wata daga cikin matan ta ce, "Gaskiya ya faɗa."

Wata ta ce, "A dai jira."

Uwani ta juya ga tsohuwar. "Goggo, za ta tashi?"

Goggo Daso ta sake ɗaga fatar idon saniyar. Ta daɗe.

"Ba zan ce miki za ta tashi ba. Ba zan ce miki ba za ta tashi ba. Amanarki ce, ke za ki yanke."

Tanko ya fara warware tsumman.

Uwani ta dubi saniyar. Ta dubi maraƙar da ke ɗaure a gefe tana kuka tun safe. Ta dubi matan nan, waɗanda kowace ke jiran rabonta daga cikin wannan dabba guda.

Kwana biyu tana yanke hukunci ita kaɗai a kan abin da ba nata ba. Ga inda ya kawo ta.

Ta tako ta tsaya tsakanin zauren da rumfar.

"Malam Tanko, mayar da wuƙarka."

"In ta mutu fa?"

"Ba tawa ba ce, balle in ba da wuyanta. An ce in jira, zan jira. In ta mutu, ni zan tsaya gaban matan nan in ce ni na kashe ta."



Sai Tabawa ta warware hannunta. Ta cire mayafi ta ci ɗamara da shi.

"To tsayuwar me muke yi? Goggo, me za a yi?"

"A tashe ta zaune kan ƙirjinta. In ta daɗe a gefe guda, cikinta zai kumbura ya toshe mata numfashi. Ku kawo buhuna."

Mata shida suka sa kafaɗa. Saniya ba tunkiya ba ce. Suka tura, ta dawo. Suka sake turawa da kabbara, har ta zauna kan ƙirji. Aka tokare ta da buhunan ƙaiƙayi dama da hagu.

Ruwa ya tsuge.

Rufin rumfar ya soma yoyonsa. Tabawa ta fizgo tabarmar leda, mata huɗu suka kama gefe-gefe suka riƙe ta a saman saniyar, su kuwa ruwa na dukansu.

Uwani ta ɗora kan Goshi a cinyarta, tana kai mata ruwan ɗumi a ƙwarya. Ta ƙi. Ta sake kai mata. Ta ƙi.

A karo na biyar ta sa baki ta zuƙa sau biyu.

"Goggo, ta sha!"

"Na gani. Ƙara mata."

Awa uku ta cika. Ta huɗu ta wuce, ta biyar ma ta bi bayanta.

Tanko bai tafi ba. Yana zaure a tsugune, wuƙar a kan gwiwarsa.

Ana gab da kiran la'asar, cikin ƙarar ruwa, aka ji wata ƙara daban.

Babur.

Dakta Rahila ta shigo jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, jakarta a cikin leda. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta auna zafin jiki, ta saurari ƙirji, ta haɗa allurai. Ta nemi jijiya a wuyan saniyar ta ɗaura mata ruwa, ta ba Tabawa robar ta ce ta ɗaga sama.

Sai da ta gama duk wannan ta tsuguna ta duba hantsar. Ta daɗe tana taɓa ɓangaren mai ciwo. Ƙasansa ya fara duhu, ya yi sanyi.

Ta ɗago ta dubi tsohuwar. "Goggo, ba don tatsar nan da kika yi ta yi ba, da gawa na tarar."

Sannan ta dubi Uwani. "Ina sa ran za ta rayu. Amma wannan nonon, ki cire rai da shi."

Uwani ta rufe fuska.

"Na gefensa ma ya fara tauri, amma shi da sauransa. Shi ne irin wanda ganye ke taimaka wa." Ta ce a nemo ganyen alobera da kurkum a kirɓa, ta nuna musu yadda za a dama shi ruwa-ruwa, a shafa bayan kowace tatsa, a kan fatar da ba ta saɓule ba. Ta ce gashin darbejiyar Goggo ma a ci gaba. Madarar kuwa, kada a sha, kada a sayar, sai ranar da ta ce.

Uwani ta ce, "Dakta, ashe ku ma kuna aiki da ganye?"

"Muna yi. Ganyen da aka sani, a ciwon da aka gane, a lokacin da ya dace. Wanda ya turo miki tumfafiya, kin san sunansa?"

"A'a."

"Yau da ta mutu, ina za ki same shi?"



Likitar ta haɗa kayanta, ta rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji. "Uwani, ciwo ba sakaci ba ne. Ko saniyar likita tana kumburin hantsa. Da kin kira ni ran Litinin, ko a takarda ba zan rubuta shi laifi ba. Amma yanzu dole in rubuta abin da ya faru."

"Ki rubuta, Dakta. Duka."

Kafin magariba Goshi ta ɗaga kai da kanta. Tanko ya naɗe wuƙarsa, ya yi sallama ya tafi.

Washegari da hantsi ta yunƙura, ta yi tangaɗi, ta tsaya da ƙafafunta. Ta kai baki cikin harawa.

Ran Juma'a aka taru a gidan shugabar matan. Likita ta karanta rahotonta, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta ce ƙungiya ta bar hukunci a hannunsu.

Kafin kowa ya yi magana Uwani ta miƙe.

"Na ga ciwo na ɓoye. Na shafa abin da ban sani ba. Tsoron bakinku ya fi mini ƙarfi a kan tausayin dabbar. Duk abin da kuka yanke, daidai ne."

Aka yi ta ja. Wasu suka ce sharaɗi sharaɗi ne, in aka ɗaga wa ɗaya an ɗaga wa kowa. Kuma ba ƙarya suka yi ba.

Sai aka juya ga Tabawa, tunda in an kwance saniyar gidanta za a kai.

Tabawa ta gyara zama.

"Ni ba na so. Ku bar mata. In an ba ni maraƙata, ranar da na ga abin da ban gane ba, gidan Uwani zan fara zuwa. Wanda wuta ta taɓa ƙonawa ya fi kowa sanin inda garwashi yake."

Aka ɗaga hannu. Bakwai suka ce a bar mata, huɗu suka ce a karɓe.

Goshi ta zauna.

Nono uku suka warke sarai. Na huɗun ya motse, ya bushe, bai sake kawo ko ɗigo ba.

Har yau, duk safiya, Uwani na wanke hannu, ta wanke nonuwan ɗaya bayan ɗaya kafin ta fara tatsa. Har da na huɗun, wanda ba abin da zai ba ta.

Wata maƙwabciya ta taɓa tambayarta, "Wannan kuma wankin me kike masa? Ai ya mutu."

Ta ce, "Shi ne malamina."

Darasi:

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Matsalar da ka ɓoye ran Litinin don gudun magana, ita za ta tara maka jama'a ran Laraba.

Ganye magani ne, amma a hannun wanda ya san shi. Mai sani na gaskiya kuwa shi ne wanda zai iya duban idonka ya ce, "Nan nawa ya tsaya, kira wane." Wanda ya ce maganinsa ba ya da iyaka, ka riƙe dabbarka ka yi nesa da shi.

In kana da ɗan'uwa ko maƙwabciya mai kiwo, ko da tunkiya ɗaya ce, tura masa wannan yau. Wataƙila yanzu haka akwai wata zaune a bakin ƙofa, lambar likita a hannunta, tana jin tsoron dannawa.